Shukar Ƙuruciya, Girbin Tsufa: Ciwon Daji da Hanyoyin Tsare Kai a Ƙasar Bakolori

Duk wanda ya taɓa bin hanyar da ta ratsa gonakin noman rani tsakanin Talata Mafara da Bakura a tsakiyar bazara, sa'ad da rana ta take, iska ta tsaya cik, ƙasa kuma ta ɗau zafin da ko jaki ba ya son taka ta, lalle ya ga abin da ni ma na sha gani, watau gungun yara maza a bakin magudanar ruwan da ta taso daga madatsar Bakolori, sun tuɓe 'yan rigunansu sun jibge a gefe, wannan ya yi tsalle ya faɗa, wancan ya yi nutso ya ɓullo can gaba, ihunsu da dariyarsu sun cika wuri. Mai wucewa ba ya rasa taya su murna a zuci, gama babu abin da ya kai ruwa daɗi ga yaro a irin wannan lokaci. Amma da zai tsaya ya kira su ya tambaya ko akwai wanda yakan ga jini a ƙarshen fitsarinsa, da wuya a rasa masu amsawa, kuma ba da wata fargaba za su amsa ba, domin tsargiya ta daɗe da zama 'yar gida a wurinmu, har akwai dattawan da suka tashi suna jin ana cewa alama ce ta yaro ya fara zama namiji. To, a kan wannan ɗigon jinin da aka raina nake so in ɗora maganata game da ciwon daji, saboda ciwo ne da sau da yawa akan shuka shi a ƙuruciya, ya yi shekara talatin ko arba'in a binne, sa'an nan a girbe shi a lokacin da mutum ya zama bangon gida, iyali duka sun jingina da shi.

Mu Hausawa muna kiransa daji ko sankara, 'yan boko su ce kansa, malaman likitanci na Larabawa kuwa suka sa masa suna saraɗan, wanda asalin ma'anarsa ƙaguwa ce, don sun ga yadda kumburin yake kafa gindi ya miƙa jijiyoyi ta ko'ina kamar ƙafafunta. Ibn Sina, wanda ya rasu a shekarar 1037, ya yi bayaninsa a littafinsa Alƙanun, ya kuma nuna cewa cire shi yana yiwuwa ne tun yana ƙarami, kafin ya yi rassa. Abin da binciken wannan zamani ya daɗa mana shi ne sanin yadda yake farawa. An gina jikin ɗan Adam da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani, kowace da ƙa'idar da Mahalicci Ya rubuta a cikinta, wadda take sanar da ita lokacin da za ta rabu biyu, da lokacin da za ta dakata, da lokacin da za ta mutu wata ta maye gurbinta. Idan wani abu ya yi ta gogar wannan rubutu shekara da shekaru, ko guba ce, ko hayaƙi, ko ƙwayar cuta, ko miki na ciki da ya ƙi warkewa, sai wata rana ƙwaya guda ta kauce wa ƙa'ida, ta shiga hayayyafa babu tsayawa, 'ya'yanta su taru su zama ƙari, ƙarin ya ci abin da ke maƙwabtaka da shi, daga bisani ya bi jini ya yi ƙaura zuwa hanta ko huhu ko ƙashi. Ke nan daji ba ya faɗowa dare ɗaya, ba a kuma ɗaukarsa ta gaisawa ko cin tuwo da mai shi. Yana da asbabu, da yawa daga cikinsu kuwa suna inda hannunmu yake kaiwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutum kusan miliyan 20 aka gano suna da daji a duniya, miliyan 9.7 kuma suka rasu ta sanadinsa; a Nijeriya kaɗai sababbin masu ciwon sun haura 120,000 a shekara, mamata sun doshi 80,000. Sai dai hukumar ta faɗi wata magana wadda ta fi waɗannan alkaluma amfani gare mu, cewa tsakanin kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari na ciwon daji ana iya kauce masa. Na san akwai mai cewa, ai cuta da mutuwa na Allah ne, abin da aka rubuta ba ya kankaruwa. Wannan gaskiya ce wadda babu Musulmin da zai yi jayayya da ita, amma malamanmu ba su taɓa fassara ƙaddara da zaman dirshan ba. Sayyidina Umar, da ya nufi Sham ya sami labarin annoba ta ɓarke a can, juyawa ya yi da jama'arsa, ya kuma fahimtar da masu tambaya cewa kaucewar ita ma a cikin ƙaddarar take. Kiyaye rai yana cikin manyan maƙasudai biyar na Shari'a. A nan ƙasarmu ma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, duk da nauyin mulki da na ribaɗi da ke wuyansa, ya zauna ya wallafa littattafai a kan magani, har da na ciwon basir da na ciwon ido, baffansa Malam Abdullahi na Gwandu kuma ya yi talifi a kan maslahohin addini da na jiki a haɗe. Manomin da ya fi kowa tawakkali shi ne wanda ya yi sharar gona, ya yi shuka, ya yi noma, kana ya ɗaga hannu ya roƙi ruwa.

Mu fara da ruwa, tun da shi ne arzikinmu. An soma gina madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1974, aka kammala a 1978, tafkinta yana ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 450, yana shayar da dubban hektoci a ƙasashen Maradun da Talata Mafara da Bakura, inda ake fid da shinkafa da masara da albasa da tumatir da dankali a lokacin da wasu garuruwa ke zaman jiran damina. Wannan ni'ima ce wadda ta wajabta godiya. Amma ruwan da yake kwance, ko yake tafiya a hankali cikin ciyawa, shi ne gidan wata 'yar katantanwa wadda ba ta fi ƙwayar wake girma ba, ita ce kuwa masaukin tsutsar tsargiya. Mai tsargiya ya yi fitsari a ruwa, ƙwan tsutsar ya fita tare da fitsarin ya ƙyanƙyashe, ɗan ya shige jikin katantanwa ya hayayyafa, bayan 'yan makonni dubbai su fito suna yawo a ruwa. Duk wanda ya shiga, mai wanka ne ko mai wanki, mai dashen shinkafa ne ko masunci, sai su huda fatarsa bai sani ba, su bi jini su girma, su tare a jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara, su yi ta zuba ƙwai shekara da shekaru. Ƙwan da ya sami hanyar fita shi ne yake tsaga bangon mafitsara ya kawo jinin da ake gani. Wanda ya maƙale kuwa shi ne mugu, don yana nan yana ta haddasa kumburi da miki, jiki yana ɗinki abin yana warwarewa, har ranar da wurin zai rikiɗe ya zama daji.

Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ya fara ganin tsutsar a Alƙahira a 1851, tun 1911 kuma likitoci a Masar suka lura da alaƙarta da dajin mafitsara. Da Masar ta tashi haiƙan ta yaƙi tsargiya, sai irin wannan daji ya ja baya ƙwarai a asibitocinta. A nan kusa da mu, binciken da likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato suka buga a 2007 ya nuna cewa dajin mafitsara shi ne kan gaba a cikin dajin da suke gani a jikin maza, galibinsa kuma irin nan ne da ke biyo bayan tsargiya. Ni kaina na san wani magidanci, manomin shinkafa, wanda tun muna yara yake da ita, ta ɗauke ta dawo, ba wanda ya taɓa cewa a kai shi ko'ina. Da ya ba hamsin baya jinin ya dawo da gudaji, aka ce sanyi ne, aka ce basir ne ya sauka, aka yi ta jiƙe-jiƙe wata da watanni. Kafin a yanke shawarar zuwa asibiti ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa, aka sayar da shanun huɗa, aka jinginar da gona, ƙarshe dai aka dawo da shi gida. Har yau idan na tuna cewa abin da ya kai shi ga haka ana kashe shi da 'yan ƙwayoyin da ake raba wa 'yan makaranta kyauta, sai zuciyata ta yi nauyi.

Sunan maganin firazikwantel, ana haɗiyarsa sau ɗaya bayan an ci abinci, ma'aikata sukan auna tsawon yaro da sanda su san adadin da za su ba shi. Yana kashe tsutsar da ke jiki, amma ba ya hana wata shiga, don haka a wuri irin namu maimaitawa ake yi. Abin da ya kamata mu kula da shi shi ne waɗanda rabon makaranta ba ya isa gare su, watau almajirai, da yaran da ke kiwo, da manya masu wuni a cikin ruwa. Haƙƙinsu yana kan malaman allo da iyaye da shugabannin ƙungiyoyin manoma, su neme musu shi a asibiti. Dogon takalmin roba yana rage haɗari ga mai ban ruwa, ruwan wanka kuma idan an ɗebo an ajiye shi kwana biyu 'ya'yan tsutsar sun mutu. Gaba da wannan duka, sarƙar tana tsinkewa ne ranar da aka daina fitsari a ruwa, abin da Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hana a ruwan da ke kwance tun ƙarni goma sha huɗu da suka wuce, kafin kowa ya san akwai wata tsutsa.

Daga bakin ruwa sai mu leƙa rumbu. A shekarar 1960 talo-talo fiye da 100,000 suka mutu a gonakin Ingila, da aka bi sawu sai aka tarar abincin gyaɗa ne da aka kawo daga Barazil, wanda wata fumfuna ta kama, ita ce take fid da gubar da aka sa wa suna afalatoksin. Wannan fumfuna tana cikin ƙasar gonakinmu, ta fi son gyaɗa da masara, ta fi kuma samun ƙofa idan ruwa ya ɗauke kafin amfani ya nuna, ko ƙwari suka huda shi, ko aka shanya shi a ƙasa tsirara, ko aka ɗure shi a buhu da sauran danshi. Gubar ba ta mutuwa da tafasa, ba ta mutuwa da suya, tana bin ƙuli-ƙuli da man da aka matsa a gida da kunun gyaɗa, tana ma ratsawa cikin nonon dabbar da ta ci, masaukinta kuwa hanta ce, kaɗan-kaɗan, har ta lalata rubutun nan da muka ambata. Ku dubi uwargida a tsakar gida da faifai a cinya tana tsintar gyaɗa: masu kyau ta ware na kasuwa da na iri, motsattsu da baƙaƙe da masu huji ta tara a ƙoƙo. In ka tambaye ta ina za a kai na ƙoƙon, sai ta ce, ai ba a zubar da abinci, a soya wa yara, ko a haɗa da na ƙuli. Niyyarta kyakkyawa ce, tsoron almubazzaranci take yi, alhali kuwa mafi yawan gubar buhun nan gaba ɗaya tana cikin ɗan ƙoƙon nan. Binne shi shi ne tattali.

An jarraba wannan a ƙauyukan ƙasar Gini, aka buga sakamakon a 2005: manoman da aka koya wa tsince gyaɗa da hannu, da shanya a kan tabarma, da tabbatar da ta bushe sarai, da ɗora buhuna a kan katako don kada su taɓa ƙasa, an sami alamar gubar a jininsu ta gaza ta maƙwabtansu da fiye da rabi. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da ya gagari manomin Maradun. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan kuma ta fito da Aflasafe, wanda ake watsawa a gona makonni biyu zuwa uku kafin amfani ya yi fure, fumfuna ce marar guba wadda take rigan mai gubar kama wuri. Ban jahilci halin da ake ciki ba, na san rashin tsaro yakan tilasta wa mutum ya tumɓuke gyaɗarsa ko ya karye masararsa da gaggawa, ya kwaso ta gida da ɗanyenta don gudun abin da ka je ya zo; wanda haka ta same shi, to ya baje ta a gida a kan tamfal ta ƙarasa bushewa, har gyaɗa ta riƙa kaɗawa a cikin kwanso, masara ta riƙa ƙaras a haƙori, kafin ta ga buhu. Haka nan wake, a bar yayyafa masa fiya-fiya, a nemi buhun nan mai ciki uku wanda yake kashe ƙwari da toshe iska kawai.

Gubar rumbu tana da abokin tafiya, idan suka haɗu a hanta guda haɗarin daji yakan ninka har wajen sau talatin, shi ne ciwon hanta nau'in B. Binciken ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kimanin mutum 8 cikin kowane 100 na manyan Nijeriya suna ɗauke da ƙwayarsa, yawancinsu ba su sani ba, domin takan yi shekaru ba ta ko sa ciwon kai, sai ranar da ciki ya kumbura, ido ya yi ɗorawa, a ce shawara ce. Tana bin jini ne da saduwa: daga uwa zuwa jariri wajen haihuwa, daga kai zuwa kai ta askar da ba a sauya ba, ta kaciya da ƙaho da tsaga da cire beli, ta almakashin mai yankan farce, ta allurar da aka yi wa mutum biyu. Jaririn da ya ɗauka a farkon rayuwa, tara cikin goma sukan zauna da ita har abada. Wanzanci sana'a ce mai daraja da asali, ba kuma wanda ya ce a bar ta. Abin da ake roƙo shi ne kowane kai da sabuwar rezarsa, kowane yaro da tasa askar da aka dafa, mai zuwa aski ma ya riƙe tasa a aljihu. Rigakafin wannan ciwo yana cikin alluran yara na Nijeriya tun 2004, ta farko kuwa an fi so a yi ta cikin awa 24 da haihuwa. Tun da yawancin matanmu a ɗaki suke haihuwa, maijego kuma ba ta fita, to nauyin yana kan uba da kaka da ungozoma, su naɗe jariri su kai shi asibitin da ya fi kusa a ranar, kada a ce sai bayan suna. Ƙasar Taiwan ta fara yi wa jariranta wannan allura a 1984, ba a kuwa yi shekara ashirin ba sai da aka ga dajin hanta ya ragu a cikin 'ya'yanta. Babba ma yana iya zuwa a gwada jininsa, in ba shi da ita a yi masa rigakafi, in yana da ita a sa masa ido, akwai kuma maganin da ke danne ta.

Iyayenmu mata suna da nasu kaso mai nauyi, gama dajin mama shi ne ya fi kowane yawa a Nijeriya, na bakin mahaifa kuma a shekarar 2020 ya kama mata wajen 12,000, ya kashe wajen 8,000. Game da na mama akwai abin farin ciki a al'adarmu, domin bincike ya tabbatar da cewa kowace shekara guda ta shayarwa tana rage haɗarinsa da kimanin kashi 4 cikin ɗari, shayarwar shekara biyu da addini ya kwaɗaitar a kai ke nan rahama ce ga ɗa da uwa baki ɗaya. Na bakin mahaifa kuwa wata ƙwayar cuta ce mai suna HPV take jawo kusan dukkansa, tana da yawa ƙwarai a cikin mutane, macen da ba ta taɓa sanin kowa ba sai mijinta ma tana iya samunta, saboda haka zargi ba shi da wuri a nan. A ranar 24 ga Oktoban 2023 Nijeriya ta shigar da rigakafinta kyauta ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, allura ɗaya tak, zagaye na biyu da ya haɗa da Zamfara kuma aka fara shi a watan Mayun 2024. Na ji masu cewa ana so a hana 'ya'yanmu haihuwa ne, ban kuma raina tsoronsu ba, domin gwajin maganin da wani kamfanin waje ya yi a kan yara a Kano a 1996 ya bar tabo wanda bai goge ba. Amma adalci shi ne a auna kowane abu da hujjarsa: wannan allura tun 2006 ake yin ta a duniya, ƙasashen da suka ƙera ta da 'ya'yansu suka fara, waɗanda aka yi wa a farko yau iyaye ne masu goyo. Matan da suka kai talatin kuma akwai gwaji mai sauƙi da ma'aikaciya mace take yi, wanda yake gano wurin tun bai zama daji ba, a magance shi nan take. Abin alfahari ne cewa 'yar wannan jiha ta Zamfara, Dakta Zainab Shinkafi Bagudu, wadda ta daɗe tana wannan kira, ita aka zaɓa a 2024 ta zama shugaba mai jiran gado ta Ƙungiyar Yaƙi da Ciwon Daji ta Duniya, mutum na farko daga Afirka da ya kai wannan matsayi.

Sauran asbabun kuwa mutum zai gan su a jere in ya zaga kasuwar Talata. Ga mai tebur yana sayar da sigari kara-kara, alhali dokar taba ta 2015 ta hana haka, ta kuma hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba. A cikin hayaƙin nan akwai sinadarai wajen 70 masu jawo daji, ba na huhu kaɗai ba, har na baki da maƙogwaro da mafitsara, wanda ya haɗa taba da tsargiya kuwa ya tara wa mafitsararsa maƙiya biyu. Shisha da samari suka ɗauka ado ita ma taba ce, garin taba da ake cusawa a leɓe shi ma haka, matar mashayi da 'ya'yansa kuma suna sha tare da shi ba da son ransu ba. Wanda ya bari ya ci riba ko yaushe ya bari, don bayan shekara goma haɗarin dajin huhu yakan sauko zuwa kusan rabi. Giya, wadda Shari'a ta riga ta haramta, likitoci ma sun lissafa ta cikin tabbatattun asbabun dajin hanta da maƙogwaro da mama. Ta wajen abinci, akushin kakanninmu ya fi abin da muke sauya shi da shi: tuwon dawa da na gero, da hoce, da fura, da wake, da kwaɗon zogale da rama, da miyar kuka da kuɓewa da kabewa, duk suna da dusa da ganyen da ke tsare hanji, muddin ba a surfe hatsin har ya rasa komai ba. Nama a ci da i'itidali, a kankare wurin da ya ƙone a tsire da balangu. Lemon kwalba da yawan sukari suna kawo ƙiba, ƙiba kuwa an danganta ta da daji iri 13. Shayi da koko a bari su sha iska, gama abin sha da zafinsa ya wuce digiri 65 yana ƙona maƙoshi. Manomi ba ya bukatar a ce masa ya motsa jiki, amma ma'aikacin ofis da ɗan kasuwa da ɗalibin Kwalejin Abdu Gusau, waɗanda ko masallacin unguwa sai a kan babur, su nemi tafiyar ƙafa ta rabin awa a yawancin kwanakin mako. Zabiya kuma, wanda Allah Ya halitta da farar fata, a tsare shi daga rana da malafa da riga mai dogon hannu tun yana yaro, a ba shi aikin inuwa, don dajin fata shi ne babban abokin gabansa.

Duk da haka, wajibi ne a faɗi cewa mutum yana iya kiyaye waɗannan duka daji ya same shi, ta gado ko ta tsufa ko ta abin da Allah kaɗai Ya sani, don haka mai ciwo addu'a da taimako yake bukata, kada a tsare shi da tuhuma. A nan ne rabin rigakafi na biyu yake, watau saurin zuwa. Akwai maganar da ta kashe mana mutane da yawa, cewa daji ba ya son ƙarfe, in an taɓa shi da allura ko wuƙa sai ya fusata. Asalinta shi ne, ba a kai marar lafiya asibiti sai ciwo ya gama bin jiki, in ya cika bayan aiki sai a ce ƙarfe ne ya kashe shi, alhali jinkiri ne. Ƙullutu a mama ko da ba ya zafi, jini bayan saduwa ko bayan al'ada ta ɗauke, jini a fitsarin babba ko a bayan gida, gyambon da ya ƙi warkewa, tarin da ya wuce mako uku, wuyar haɗiya, rama babu dalili, kumburin muƙamuƙin yaro da ke girma da sauri, kowane ɗaya daga cikinsu ya isa a tafi babban asibitin Talata Mafara ko na Bakura ko na Maradun a makon da aka gan shi, in abin ya fi ƙarfinsu su tura Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, ko Sakkwato, ko Shika ta Zariya inda ake gashin daji da na'ura. Maigida kuma ya sani cewa izinin fita da kuɗin mota da yake jinkirtawa amana ce da za a tambaye shi.

Wannan aiki ba na likita kaɗai ba ne. Liman yana da rabonsa a huɗubar Juma'a, Sarkin Mafara da Sarkin Burmin Bakura da Sarkin Kayan Maradun suna da nasu ta bakin hakimai da dagatai da masu unguwanni, Sarkin Aska yana da nasa a cikin wanzamai, malaman Kwalejin Noma ta Bakura suna da nasu a bakin rumbu, hukuma kuma ita ke da alhakin kai magani da allura da rijiyar burtsatse inda tsoro ya hana ma'aikata zuwa. Yaran nan na bakin magudana ba za su bar ruwa ba muddin ana bazara, ba kuma laifinsu ba ne. Amma a cikinsu akwai limamin gobe, da manomin da zai ciyar da gari, da uban wasu 'ya'ya da ba a haifa ba tukuna. In mun ba su maganin tsargiya a bana da baɗi, muka tsince gyaɗar da za a soya musu, muka sauya rezar da za a yi musu aski, muka kai ƙannensu allura ranar da aka haife su, to mun cire wani iri daga ƙasa tun bai tsiro ba, sauran al'amari kuma mu bar wa Mai shi. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ji ƙan waɗanda suka riga mu, Ya sa mu riƙe amanar jikin da Ya ba mu aro.